Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha Ga Masu Zuwa Kallon Ƙwallo A Ƙasar Waje

Jawabin da aka gabatar a madadin kwamitin matasa da wasanni, a taron ƙarshen wata na ƙungiyarmu, Tudun Fulani, Minna.

 



Dalilin wannan jawabi ba ɓoyayye ba ne. Yawancinmu mun san abin da ya faru a watan Fabrairu na 2024, lokacin da mu bakwai muka tashi daga wannan unguwa zuwa Abijan, babban birnin kasuwancin ƙasar Kodebuwa, don kallon gasar cin kofin Afirka. Mu shida muka dawo tare, na bakwai sai bayan kwana goma sha ɗaya, da kuɗin da ƙungiyar nan ta ciro daga asusun taimakon marayu. Ba za mu kama suna ba, yaron namu ne, kuma ya riga ya nemi gafara. Amma tun da an ba Kenya, Uganda da Tanzaniya gasar 2027, ga kuma gasar duniya ta 2030 da za a raba tsakanin Maroko, Sifen da Fotugal, mun fara jin samari suna ƙus-ƙus a majalisa cewa su ma sai sun je. To, shi ya sa shugabanni suka ce mu fito mu faɗi abin da muka gani, gani ya kori ji.

Ba mu zo hana kowa tafiya ba. Mu da kakanninmu suka bi layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda aka gama a 1911, suka yada zango a ƙasar Gwari, yaya za mu ce tafiya laifi ce? Tun kafin jirgin ƙasa ma fatakenmu ke zuwa Gwanja sayen goro. Sai dai fa su ba sa tashi sai da madugu, da guzuri, da sanin maigidan da za su sauka a wurinsa. Wannan tsari nasu shi ne dukan abin da za mu faɗa yau.

TAKARDU

Na farko dai fasfo. Je ka ofishin shige da fice da kanka, da lambarka ta NIN, kada ka bi ta hannun ɗan-na-iya. Wanda yake da tsohon fasfo ya duba ranar ƙarewarsa, don ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda saura bai kai wata shida ba.

A cikin ƙasashen ECOWAS ɗan Nijeriya yana iya shiga ba biza, ya zauna har kwana 90. Amma a kula da abu biyu. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, saboda haka ƙaramar takardar tafiya ta ECOWAS ba domin ita aka yi ta ba. Sa'an nan tun watan Janairu na 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar, don haka mai niyyar bi ta Yamai ko Wagadugu ya tambayi halin da ake ciki kafin ya ɗaura kaya. Maroko kuwa sai da biza, kuma a gasar da ta fara a Disamba 2025 sai mutum ya yi rajistar katin ɗan kallo ta manhajar Yalla a wayarsa. Wato ke nan abin yanzu ya koma waya, wanda bai iya ba ya nemi mai koya masa tun yana gida.

Na biyu, katin rigakafin cutar shawara, wanda ake kira yalon kati. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, amma in an yi sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Kada ka sayi kati ba allura. A kan iyaka za a kama ka, in ma ba a kama ka ba sauro ba ya karanta kati.

A yi hoton kowace takarda kashi biyu, ɗaya a bar wa mutanen gida, ɗaya a sa a jaka dabam da inda fasfo yake.

HANYA

Mu ta mota muka bi: Bida, Mokwa, Jabba, Ilori, Ibadan har Ikko. Daga Ikko zuwa Abijan ya ɗan haura kilomita 1,000, kuma kan iyaka huɗu ne: Seme tsakaninmu da Binin, Hilakonji tsakanin Binin da Togo, Aflawo tsakanin Togo da Gana, sai Elubo inda za ka ƙetare zuwa Nowe a Kodebuwa. Kowane ɗaya sai an sauka an buga hatimin fita, an buga na shiga. Duba fasfonka da idonka kafin motar ta tashi. In aka tsallake hatimi ɗaya, a gaba za ka biya da kuɗi da ɓata lokaci.

A kan iyaka ba a ɗaukar hoto, ba a gardama da mai kaki, ba a ba wa yaran da ke cewa "kawo in yi maka sauri" fasfo. Kuma, don Allah, kada ka riƙe wa kowa ƙunshin da ba ka ga cikinsa ba, ko da ya ce maka yaji ne zai aika wa 'yarsa. In aka buɗe aka ga ƙwaya, kai ne mai ita.

Agogo ma yana rikita baƙo. Mu da Binin lokacinmu ɗaya, amma Togo, Gana da Kodebuwa suna bayanmu da awa ɗaya. Wasan ƙarshe na ran 11 ga Fabrairu 2024 da kuka gani nan da ƙarfe tara na dare, can ƙarfe takwas ne.

KUƊI

Nan ne ɗan'uwanmu ya faɗi. Ya sayar da babur ɗin da yake acaɓa da shi, ya lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa da na kwana huɗu, shi ke nan. Bai yi tunanin cewa ƙwallo ba ta da alkawari ba. 'Yan wasanmu suka ci Kamaru da Angola a Abijan, sai wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu aka kai shi Buwake, tafiyar kusan kilomita 350 arewa. Ya bi su can da kuɗin dawowa gida. Da aka koma Abijan wasan ƙarshe, sai ya sayi tikiti a hannun wani a bakin titi da abin da ya rage, ya je ƙofa na'ura ta ƙi shi. Wayarsa ta mutu a cikin cunkoso, muka neme shi kwana biyu ba labari, motarmu ta tashi. Da ba don wani dattijo mai sayar da goro da ya ɗauke shi ya ajiye a shagonsa ba, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare.

Saboda haka kuɗin dawowa a ɗinke shi a lalita, a manta da shi. Kuma wanda sai ya sayar da jarinsa ko ya ci bashi kafin ya tafi, to tafiyar ba tasa ba ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gidan kallo yana nan a unguwa, hoton ma ya fi fita.

Game da canji: Binin, Togo da Kodebuwa sefa ɗaya suke ci, Gana kuwa sidi. Amma sefar Kamaru da Cadi dabam ce. Darajarsu ɗaya, duk an ɗaure su da kuɗin Yuro, amma takardar wannan ba ta ciyuwa a kasuwar wancan. Waɗanda suka je Garwa a Janairu 2022, inda muka ci Masar ɗaya da nema, sun san wannan. Wanda ya ajiye ragowar sefar Garwa kada ya ɗauka zai sha shayi da ita a Kwatano.

Ga wani abin da ya ba mu dariya daga baya. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke kasuwanci can, da dala suke ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In mai shayi ya ce maka "ɗari", sefa 500 yake nufi. Jaka ɗaya kuma sefa 1,000. Tambayi mai kaya ya rubuta maka lamba, matambayi ba ya ɓata.

MASAUKI DA ABINCI

Alhamdu lillahi, duk hanyar nan ba inda ba ka jin Hausa. Akwai Zango a Kwatano, akwai a Lome, ga Nima da Sabon Zango a Akara, a Abijan kuma ga Tireshbil da Ajame. In ka isa, nemi masallaci, gai da liman, ka ce a kai ka wurin Sarkin Hausawa ko wakilinsa. Amma a je da ladabi da ɗan tsaraba, kilishi ko dakuwa. Ku tuna yadda muke ji nan in baƙo ya faɗo mana tsakar dare ba sanarwa. Gara a aika tun daga gida ta hannun 'yan goro ko direbobin da ke bin hanyar.

Abinci kuwa ba za ka ji yunwa ba. Akwai wani abin da suke yi da rogo, aceke, kamar dambu yake, in an haɗa shi da soyayyen kifi da barkono sai su kira shi garba, kuma mutanen garin da kansu suka gaya mana daga sunan 'yan'uwanmu masu sayar da shi abin ya samo suna. Sai dai gidajen cin abincin da suke kira maki, da yawa ana sayar da giya da naman alade a ciki, a tambaya kafin a zauna. Ruwa a sha na roba. Batun ƙasaru da haɗa salla kuma, ga malamanmu nan, kowa ya tambaya kafin ya tashi, kada son kallo ya sa mutum ya bar La'asar da Magariba a kan benci.

A duba yanayin garin ma. Waɗanda suka je Fas a Disamba 2025, inda aka yi wasanninmu na rukuni, sun haɗa da ziyarar Shehu Tijjani, amma sun ce sanyin can da ruwan sama ya sa hunturunmu ya zama wasan yara.

RANAR WASA

Wannan shi ne mafi muhimmanci, don nan rai yake. Ran 9 ga Mayu 2001, a filin wasa na Akara, wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga, ƙofofi a rufe, mutum 126 suka rasu, da yawansu 'yan Nima. A Maris 2009 mutum 19 suka rasu a turmutsitsi a filin Hufuwe Bwanyi na Abijan. A Janairu 2022 mutum 8 a ƙofar filin Olembe na Yawunde. Na Abijan da na Yawunde duk a wajen shiga ne abin ya faru, lokacin da jama'a suka taru a ƙofa ana hanzarin kada a fara wasa.

To, mene ne magani? Ka isa fili awa uku kafin a take ƙwallo. Filin Alasan Watara na Ebimpe, mai cin mutum 60,000, yana wajen gari can arewa, kuma ranar wasa hanya cushewa take yi. Da ka zauna, duba ƙofar fita mafi kusa. In ka ga ana matsi a wata ƙofa, koma baya, wasa ba ya kai ranka ba. In takalminka ya faɗi a cikin taro kada ka duƙa. In an tashi, zauna ka bari a rage. Ku sa wurin haɗuwa tun kafin ku shiga, kuma kowa ya rubuta lambar maigidansa da sunan unguwa a takarda ya sa a aljihu, don waya tana mutuwa. Tikiti kuma daga inda hukumar gasa ta ce kawai, arahar bakin titi ba ta ado.

Masu hawan jini da ciwon zuciya su tafi da maganinsu, da takardar likita. Daren bugun fanareti da Afirka ta Kudu, ran 7 ga Fabrairu 2024, jaridu sun ba da labarin 'yan Nijeriya da suka yanke jiki suka faɗi suna kallo, ba su tashi ba. Allah ya kiyaye.

Sai kuma baki. Mun ci masu masauki ɗaya da nema a wasan rukuni, wasu samarinmu suka yi ta yi musu ature a titi. Ranar ƙarshe kyaftin ɗinmu Ekong ya fara ci, su kuma Kesiye da Hala suka rama biyu. Da muka fito, garin ya ɗauka da murna, mu kuwa muka rufa rigar kore da babbar riga, muka taya su murna, aka raka mu har mota. Mu da muke zaune a garin wasu tun kakanni, mun fi kowa sanin cewa baƙo da harshensa yake sayen zaman lafiya. Abin da ka yi can kuma, a kan Hausawan da ke zaune can zai sauka bayan ka tafi.

ROƘONMU

A ƙarshe, Shugaba, kwamiti yana roƙon wannan taro ya amince da abu uku. Ɗaya, duk ɗan ƙungiya da zai fita ƙasar waje kallon wasa ya rubuta sunansa, hanyarsa da masaukinsa a wurin sakatare, da sanin iyayensa ko iyalinsa. Biyu, a tafi a ayari, da madugu guda da kowa zai ji maganarsa. Uku, masu niyya su buɗe adashinsu tun yanzu, su ware wani kaso na ko-ta-kwana, domin kada a sake taɓa kuɗin marayu saboda ƙwallo.

Kuma kafin a kai ga Nairobi, ga Niger Tornadoes nan tamu, wadda ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 2000. A fara koyon tafiya a ayari da bin ta zuwa Kano ko Kaduna, a ga wanda yake iya riƙe jaka da wanda yake iya riƙe baki.

Abin da muka faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi, kuskurenmu kuma a yafe mana. Allah ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya, ya saka wa dattijon nan na Abijan da alheri, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.