Asibiti Ba Likita Kaɗai Ba Ne: Jawabi a Taron Shekara-shekara na Ƙungiya

 



An nemi mu yi magana a kan asibitocinmu na gida. Mun zaɓi mu taƙaita a kan mutanen da ke cikinsu, domin mun lura duk lokacin da zancen lafiya ya taso a taronmu, abu biyu kawai muke tambaya: gini nawa aka yi, likita nawa aka turo. Tun da aka buɗe asibitin Birnin Kebbi a 1952, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Sarkin Gwandu Sir Yahaya, gine-gine sun ƙaru, musamman bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Ga cibiyar lafiya ta tarayya da aka mayar asibitin koyarwa, ga babban asibitin Kalgo, ga na Argungu. Amma bango ba ya ɗaura wa majinyaci ruwa.

Mu ƙaddara an kawo wata mata Argungu da tsakar dare daga wani ƙauyen fadama. Ta haihu a gida, jini ya ɓalle. In damina ce, watakila sai da aka fito da ita cikin kwalekwale kafin a sami mota. Masana sun tabbatar irin wannan zubar jini na iya kashe mace cikin awa 2 in ba a tare shi ba. Wanda za ta fara gamuwa da shi mai gadi ne. In yana barci, an rasa mintoci. Daga nan sai mai tura gado, sai mai yanka kati. Ungozoma ce za ta auna bugun jini, ta murza mahaifa don ta tsuke, ta yi allura, ta ɗaura ruwa, ta kuma yanke shawarar ko a tayar da likita. Ita allurar nan da ke tsayar da jini tana buƙatar sanyi, zafin ƙasarmu yana rage mata ƙarfi. Ke nan wanda ke kula da janareta da firji tun da rana ya sa hannu a ceton matar nan alhali bai taɓa ganin ta ba.

In ya kama sai an ƙara mata jini, ma'aikacin ɗakin gwaji zai duba rukunin jininta, ya tantance na mai bayarwa kada a ɗura mata ciwon hanta ko ƙanjamau. In tiyata ce, to likita ya shigo, kuma a nan ba mai maye gurbinsa: shi ya yi shekara 6 a jami'a da shekara guda ta horon aiki a ƙarƙashin manya, shi ke gano cuta, shi ke yanka, kuma alhakin hukuncin yana wuyansa. Duk da haka ba zai ɗaga wuƙa ba sai mai ba da maganin barci ya shirya, sai an dafa kayan aiki, sai mai shara ya wanke ɗakin daga aikin da ya gabata. Bayan an ɗinke, likita zai wuce ga wani majinyacin. Ma'aikaciyar jinya ce za ta kwana tana leƙawa, ita za ta fara ganin zazzaɓi ya taso ko fitsari ya ɗauke.

Mun tsaya a kan mai shara da gangan. Shi ne mafi ƙarancin albashi, sau da yawa ma na wucin gadi ne, kuma shi ke kwashe allurai da ƙyallayen jini. Lokacin da cutar Ebola ta shigo Ikko a 2014, duniya ta san sunan Dakta Stella Adadevoh wadda ta hana majinyacin fita, ta kuma rasa ranta. Ba ita kaɗai ta rasu daga cikin ma'aikatan asibitin nan ba. Akwai ma'aikatan jinya a cikin mamatan. Cuta ba ta duba takardar shaidar kowa.

Yanzu kuma ga laifinmu, mu mazauna birni. In ɗan'uwa ya kwanta a gida, waya muke ɗauka mu nemi wani babba ya sa a tsallake layi, mu ce lallai sai likita, kamar dai ma'aikaciyar jinya 'yar aike ce. Ba mu musanta cewa akwai masu tsawa ga mai naƙuda da masu sakaci ba, kuma wajibi ne hukuma ta hukunta su. Amma wanda ya taɓa ganin mace ɗaya tana riƙe da ɗaki cike da gadaje daga magariba har asuba zai rage kaifin harshensa. Su ma ma'aikatan muna da ƙorafi a kansu: jayayyar fifiko tsakanin ƙungiyar likitoci da gamayyar sauran ma'aikatan lafiya ta sha jawo yajin aiki a ƙasar nan, kuma talakan da ba shi da kuɗin asibitin kuɗi shi ke biyan farashin.

Nauyin da ke kansu ba ƙarami ba ne. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi da aka gwada, fiye da kowace jiha. Gulbin da ke ba mu shinkafa da kifin Matan Fada shi ke raino mana sauro. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fara allurar rigakafin cutar a Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024. Masu kai allurar nan ƙauyuka jami'an lafiya ne na matakin farko, irin waɗanda ake horarwa a Jega. Da su ne kuma aka yi yaƙi da shan inna, wanda sarakunan Arewa suka tsaya masa, ciki har da Mai martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera. Haka nan matan da ake yi wa aikin yoyon fitsari a cibiyar Gesse da ke Birnin Kebbi, mafi yawansu doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kuma da an sami ungozoma a kusa da ta tura su asibiti da wuri, da ba a kai ga haka ba.

Saboda haka muna gabatar wa taro shawara. Ƙungiya ba ta da ƙarfin riƙe ƙwararren likita a gida, domin Abuja da Saudiyya da Ingila sun fi mu tayi. Amma tana iya ɗaukar nauyin 'ya'yanmu mata zuwa kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta Birnin Kebbi, da sharaɗin su dawo su yi aiki a gundumominsu na wasu shekaru. 'Yar gari ta san harshen mutane, maigida ba ya ƙyashin matarsa ta je gare ta, kuma ba ta neman canjin wurin aiki bayan wata shida. Wannan yana buƙatar mu fara barin yaran su kammala sakandare da darussan kimiyya. Ba daidai ba ne mu ce mace kaɗai za ta duba matanmu, sannan mu cire 'ya'yanmu daga makaranta.

Na biyu, duk wanda ya zo gida hutun Sallah ko bikin kamun kifi, in lafiyarsa ta yarda, ya ba da jini leda guda a asibitin Argungu ko na Sir Yahaya. Na uku, kyautar girmamawa da muka saba bai wa masu muƙami, a ware guda bana ga mai shara ko direban motar asibiti, abokan aikinsa su zaɓe shi da kansu. Muna roƙon kwamitin lafiya ya kawo ƙiyasin kuɗin karatun ɗalibai kafin taro na gaba, don reshen kowane birni ya san abin da ya hau kansa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.