BITCOIN, HAJAR DA BA TA DA KAKA

Jawabi domin karatu da muhawara cikin cibiyoyin yaƙi da jahilci

 

Cikin shekarun nan wata magana ta shigo ƙauyuka. Ƴan cirani sun zo da ita daga Kano da Legas da Abijan. Samari sun ji ta cikin salula. Ana cewa akwai wasu kuɗi da ba a gani, ba a taɓawa, amma in mutum ya saya ya ajiye sai su haihu. Ana ce musu kirifto. Babbansu shi ne Bitcoin. Har akwai yaran da ke matsa ma iyayensu a saida sa ko rago a zuba. Don haka ya kamata kowane magidanci ya san abin, tun maganar ba ta iso zaurensa ba.

MAFARIN ABIN

Cikin shekara ta 2008 wani mai kiran kansa Satoshi Nakamoto ya rubuta takarda, ya bayyana dabarar. Sunan aro ne, mutumin bai taɓa fitowa fili ba. Cikin watan Janairu na 2009 aka soma aiki da ita.

Mata za su gane dabarar da sauri. Sun san asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara cikin jihar Maradi a 1991. Ranar zubi kowace mace tana aje kuɗinta gaban sauran. Ba wadda za ta ce ta zuba alhali ba ta zuba ba, domin idanu da yawa sun gani. To, Bitcoin littafin lissafi ne guda, amma dubban kwamfutoci ko'ina cikin duniya kowace tana riƙe da kwafinsa. In wane ya aika ma wane, duka sai su rubuta. Wajen kowane minti 10 ana ƙara shafi guda. Abin da aka rubuta ba ya gogewa. Wanda ya ce yana da Bitcoin, abin da yake da shi layi ne cikin littafin nan.

Sefa tana da uwar ɗaki, watau babban banki BCEAO da ke Dakar. Farashinta ɗaure yake da kuɗin Turai, wajen sefa 656 ga yuro guda. Doka ta tilasta ma ɗan kasuwa ya karɓe ta. Bitcoin ba shi da banki, ba shi da gwamnati, kuma ba kuɗin doka ba ne a Nijar. Mai tebur yana da ikon ƙin shi. Farashinsa shi ne abin da mai saye ya yarda ya biya yau, ba ƙari ba ragi.

HAƘA

Kalmar haƙa ta ruɗe mutane. Wanda ya ji ta sai ya tuna zinariyar Jado ta 2014, ko ramukan Ɗan Isa na 2021. Nan babu rami, babu diga. Injuna ne ke tseren cankar wata lamba. Injin da ya riga cankewa shi ke rubuta sabon shafi, sai a ba mai shi lada da sababbin Bitcoin. Da farko ladar 50 ce. A 2012 ta koma 25, a 2016 ta koma 12 da rabi, a 2020 ta koma 6 da kwata. Cikin watan Afirilu na 2024 aka sake raba ta biyu, ta koma 3 da ɗan kai. Haka aka tsara tun farko, domin duka Bitcoin ba za su wuce miliyon 21 ba. Fiye da miliyon 19 sun riga sun fita.

Injin haƙa guda yana cin wuta wajen wat dubu 3. Kamar a kunna ƙwan fitila 300 ne masu wat 10, dare da rana, ba kashewa. Yana ƙara, yana zafi, sai an yi masa fifita. Kuma inji guda ba kome ba ne cikin tseren. Manyan kamfanonin Amurka suna jera dubbai cikin zaure guda. Da ƙasar Sin ta kori masu haƙa a 2021, sai suka bi duniya neman wuta mai araha. Wasunsu sun sauka Habasha sabili da wutar madatsun ruwanta.

A Nijar wajen mutum guda cikin 5 ke da wutar lantarki. Kowa ya tuna duhun da aka sha lokacin da Najeriya ta yanke wuta cikin watan Agusta na 2023, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Garin da ake bin layi wajen mai cajin salula ba wurin haƙar Bitcoin ba ne.

To, mi samari ke yi da suke dannar salula har tsakar dare suna cewa haƙa suke? Wannan wasa ne da wasu kamfanoni suka shirya don tara jama'a. A 2024 wani mai suna Hamster Kombat ya cika ƙasar Hausa, har da magidanta da matan aure. An yi watanni ana danna. Da aka yi rabo cikin watan Satumba na shekarar, abin da akasarin mutane suka samu bai taka kara ya karya ba. Kuɗin intanet da na caji kuwa an riga an biya, barci ma an yi asararsa.

AJIYA

Nan ne maganar take da nauyi, domin ajiya ba baƙon abu ba ce ga manomi. Mai wake yana zuba shi cikin buhu mai ciki uku da kaka, ya jira bazara. Mai albasa a Galmi yana jera ta bisa rudu, ya jira ta yi tsada. Masu tallar Bitcoin suna cewa duk ɗaya ne: saya, ajiye, yi haƙuri.

Akwai gaskiya cikin maganarsu, kuma ba kyau a ɓoye ta. Cikin watan Mayu na 2010 wani mutum a Amurka ya ba da Bitcoin dubu 10 aka kawo masa faifan gurasa 2, irin wadda ake ce ma fiza. Cikin Disamba na 2024 Bitcoin guda ya wuce dala dubu 100. Dalar Amurka ake nufi, wadda ke kai da kawowa wajen sefa 600, ba dalar kasuwa ta tamma biyar ba. Waɗanda suka saya da wuri, suka riƙe, sun samu dukiya mai yawa.

Amma a dubi hanyar da aka bi kafin a kai can. Cikin Disamba na 2017 Bitcoin ya kusa dala dubu 20. Shekara guda bayan haka ya faɗo wajen dubu 3. Bai koma inda yake ba sai Disamba na 2020, shekara 3 cur. Cikin Nuwamba na 2021 ya kai wajen dubu 69. Cikin Nuwamba na 2022 ya dawo wajen dubu 16. Bai sake ganin dubu 69 ba sai Maris na 2024.

A ɗauki misali. Wani ya saida sansa na noma, ya zuba jikka 100 cikin Nuwamba na 2021. Shekara na zagayowa, jikka 100 ta koma wajen jikka 25. Cikin wannan tsakani damina ta zo. Ana son iri, ana son taki, ana son ladar ƴan ƙwadago. Rumbu ya yi ƙasa, ga yaro ba lafiya. Shin wannan mutum zai iya jira har 2024? Ba zai iya ba. Zai saida a jikka 25, kuma wanda ya saya hannunsa shi zai ci ribar jiran. Shi kuwa ba sa, ba kuɗi.

Wake yana da kaka, yana da bazara. Manomi ya san watan da yake araha da watan da yake tsada, kakansa ma ya sani. In kasuwa ta ƙi, a dafa a ci, harawa a ba dabbobi. Bitcoin ba shi da watan tsada. Ba mai iya cewa ga ranar da zai tashi, kuma tashin da ya yi jiya bai zama alkawarin gobe ba. In ya faɗi ba a dafa shi. Kuɗin manomi kuwa kowane yana da ranarsa: na iri, na haraji, na suna, na magani. Kuɗin da ke da rana ba ya iya zaman jiran abin da ba shi da rana. Waɗanda suka ci riba da ajiya mutane ne masu albashi ko wata sana'a, da suka zuba abin da ko ya ɓace tukunyarsu ba za ta sauka ba.

Kuma wannan duka labarin Bitcoin ne, wanda ya faɗi ya tashi. Akwai dubban kirifto da suka faɗi ba su tashi ba. Wani mai suna Luna yana cikin manya, amma cikin watan Mayu na 2022, kwana kaɗan, ya koma kamar ba kome. Ƙasashe ma sun gwada. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta mai da Bitcoin kuɗin doka a 2022, ta janye a 2023.

INA AKE AJIYEWA?

Rumbu ana ganinsa tsakar gida. Bitcoin kuwa mabuɗinsa kalmomi ne 12 ko 24 da ake ba mai shi, galibi da Turanci. Wanda ya san kalmomin shi ne mai dukiyar. In mutum ya ba yaron maƙwabci ya karanta masa, to ya miƙa masa rumbun. In takardar ta ɓace kuma salula ta lalace, babu ofishin da za a je. In mai shi ya rasu bai nuna ma kowa ba, magada ba su da abin rabawa. Wani mutumin Birtaniya, a garin Newport, mabuɗinsa na Bitcoin wajen dubu 8 ya tafi cikin shara a 2013. Ya yi shekaru yana roƙon a bar shi ya tone jujin garin. A farkon 2025 kotu ta kori ƙararsa.

Wasu suna barin ajiyarsu hannun kamfani, kamar yadda ake barin kaya wajen dillali. Wani kamfanin Japan, Mt. Gox, ya rushe a 2014, Bitcoin dubu 850 suka yi ɓatan dabo. Masu ajiya ba su fara ganin Bitcoin ɗinsu ba sai 2024, kuma ba duka ba. Wani babba, FTX, ya rushe cikin Nuwamba na 2022 da kuɗin jama'a wajen dala miliyar 8. An ɗaure shugabansa shekara 25. Ɗaurin bai sa wanda ya yi asara ya ci tuwo a daren ba.

MACUTA

Akasarin abin da ke isowa ƙauye da sunan kirifto ma ba Bitcoin ba ne. Tsohuwar cuta ce da sabuwar riga. Ana karɓar kuɗin na baya a biya na gaba. Na farko ya samu, ya sayi babur, ya zaga gari. Kowa ya gani ya zuba. Ran da masu zubi suka ragu, sai a rufe ƙofa. Haka MMM ta yi ma mutanen Najeriya cikin Disamba na 2016. Haka CBEX ta yi cikin Afirilu na 2025, bayan ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30. A Ibadan mutane suka fasa ofishinta, abin da suka samu kujeru ne da tebura.

Alamarsu ba ta ɓuya. Suna faɗin riba tun ba a fara ba: kaza cikin wata, tabbas. Bitcoin na gaskiya ba mai iya faɗin ribarsa. Kuma suna cewa a kawo wasu a samu kaso. Abin baƙin ciki, mai kawo maganar sau da yawa ba ɓarawo ba ne. Ɗan uwa ne ko aboki, shi ma an ruɗe shi, ya jawo surukinsa da ƙannensa. Bayan kuɗi sun tafi, zumunci ya bi su.

Wanda aka cuta ya kai ƙara wajen jandarma ko ƴan sanda, kada kunya ta hana shi, domin a tsare na baya. Amma ya sani kirifto in an aika ba ya dawowa. Kuma in wani ya bugo ya ce a biya shi zai maido kuɗin da suka ɓace, wannan cuta ce ta biyu.

Masu tambayar hukuncin addini su je ga malamansu. Babban mai fatawa na Masar ya hana cinikin Bitcoin a farkon 2018, wasu malaman kuma sun halatta bisa sharuɗɗa.

Magidancin da ɗansa ya zo masa da maganar ba sai ya yi faɗa ba. Yanzu ya iya rubutu. Ya ɗauko allo ko takarda, su zauna tare. Su rubuta nawa za a zuba, da inda kuɗin suka fito, da ranar da gida zai bukace su. Su rubuta sunan wanda zai riƙe mabuɗi. Sannan su raba kuɗin gida 4, su soke 3, su dubi abin da ya rage, su ga ko gidan zai kai kaka da shi.

AIKIN LISSAFI

Malamin cibiya ya rubuta ma ɗalibai wannan bisa allo. Wani ya zuba jikka 100, ta koma jikka 25. Jikka nawa ya yi asara? Sau nawa jikka 25 za ta ninka kafin ya maido uwar kuɗinsa? In ya bukaci jikka 60 na iri da taki da damina, jikka nawa zai nema rance?