Karatun Ɗaukar Hoto Daga Nesa a Faskari

Matashin Faskari da ke son koyon ɗaukar hoto a matakin jami'a ba sai ya tare a Zariya ko Kano ba. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, tana koyar da aikin jarida ta intanet, kuma hoton jarida reshe ne na wannan fanni. Yankin na bukatar hakan, domin tun sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 kusan duk hoton da duniya ke gani nasa na tashin hankali ne, galibi kuma baƙi ne ke ɗauka.

Wasu za su ce hoto aikin hannu ne, a shagon mai hoto ake koyonsa. Gaskiya ne, amma shago ba ya koyar da dokar aiki, ko lokacin da bai dace a nuna fuskar wanda aka zalunta ba. A haɗa biyun. Babban ƙalubalen shi ne sadarwa: a Satumbar 2021 an katse layukan waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara na tsawon watanni. Dole ɗalibi ya riƙa sauke darussansa tun da wuri.