Kafin Ka Biya Kuɗin Tsohuwar Amfilifaya

Daga Gumbihini a Tamale. Ɗan'uwa, in za ka saya wa masallacin kara tsohuwar amfilifaya mai kwalabe, tambayi mai gyara yadda aka haɗa kwalaben. Galibi akwai kwandansa a tsakaninsu, tana barin sauti ya wuce, tana tare wutar da ta haura bolt 200. In ta tsufa sai ta fara yoyo, ƙarfen cikin kwalbar ƙarshe ya yi jawur, taransifoma ta ƙone. Canza kwandansa araha ne. Wadda aka haɗa kai tsaye kuwa, kwalba ɗaya ta lalace, takan ja 'yar'uwarta. To, a kunna maka minti goma kana kallo. Kuma ko an kashe, kar ka sa hannu ciki, wuta na nan kwance.