Bankin Manomin Musawa



An ba ni magana a kan aika kuɗi ta wayar hannu, ni kuwa zan ɗauko ta daga ƙauyukan Musawa, inda manomi kan sayar da masara da dawa da auduga, amma sau da yawa sai ya yi tattaki zuwa Malumfashi ko Funtuwa kafin ya ga ƙofar banki.

A ƙasar Kenya, tun 2007 kamfanin waya na Safaricom ya fito da M-Pesa, talaka ya shiga aikawa da karɓar kuɗi ba tare da asusun banki ba. A nan gida kuwa Babban Bankin Nijeriya ya daɗe yana ɗari-ɗari da kamfanonin waya. Sai a 2018 ya shimfiɗa musu ƙa'idoji, MTN kuma bai sami cikakken izinin bankinsa na MoMo ba sai a 2022. Shekara 15 ke nan tsakani! Kafin nan masu POS, wakilan irin su OPay da Moniepoint, sun kafa laima a bakin kowace kasuwa. Wannan laima, jama'a, ita ce bankin manomi, kuma ba na raina ta.

To, amma a kan me take tsaye? A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Ɗanmusa. Mai kuɗi a waya ya wayi gari ga dukiya, ga yunwa. Sa'an nan aka zo canjin kuɗi a farkon 2023, takardun Naira suka yi ɓatan dabo, ladan mai POS ya ninka, manomi ya karyar da hatsinsa ga duk wanda ya zo da tsaba, domin ya ga yadda kuɗi kan maƙale a hanya. Wasu sun ce jahilci ne. Ni a ganina lissafi ne.

Saboda haka, ku da za ku zauna a ofisoshin gwamnati gobe, kada ku tsaya ga ƙidayar asusun da aka buɗe. Ku tambayi nawa ake cire wa manomi a kowace dubu, da kuma wurin da zai kai ƙara in kuɗinsa sun maƙale. In kuma kun je hutu, ku zauna da iyayenmu mata ku nuna musu yadda za su danna lambar sirri da hannunsu, domin har yanzu akwai masu faɗa wa mai POS ita da baki a tsakiyar kasuwa.