Bashin da Iyayenmu Mata Ke Bin Mu



Yau za mu ɗan ajiye lissafin adashe da na man gyaɗa, mu taɓo wani bashi da ba a rubuta a littafin ma'aji ba.

Daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970 an yi yaƙin basasa a ƙasar nan, bayan Gabas ta ɓalle da sunan Biyafara. Tun a 1966 ma an zubar da jini a Kano, Ibo da yawa suka bar Sabon Gari. Labarin manyan sojoji ya cika littattafai. To, na mata fa?

Matan Kudu sun rubuta nasu. Flora Nwapa ta fitar da Never Again a 1975, Buchi Emecheta ta fitar da Destination Biafra a 1982. A 2007 Egodi Uchendu ta wallafa abin da ta ji daga bakin matan yankin Asaba. A Indiya kuwa, inda aka sace dubun-dubatar mata lokacin raba ƙasar da Pakistan a 1947, sai 1998 Urvashi Butalia ta fito da littafinta. Shekara hamsin ke nan, masu labarin da yawa sun riga mu gidan gaskiya.

Mu ma a Arewa akwai wadda mijinta ya tafi soja, ta yi takaba ba ta ga gawa ba. Akwai wadda maƙwabciyarta ta tafi ba sallama. Yarinyar da ke da shekara 15 a 1967 yau ta haura 70. Jira na nawa kuma?

Kada wata ta ce ai Inna ba ta yi boko ba. Baba ta Karo da baki ta ba Mary Smith tarihinta, ya zama littafi a 1954, har yau ana karanta shi.

Ga roƙonmu. Kafin taron baɗi, kowace mamba ta zauna da tsohuwa ɗaya a unguwarsu, a cikin Ɗanbatta ko ƙauye. A nemi yardarta tukuna. A ɗauki muryarta a waya, 'ya'yanmu 'yan makaranta su rubuta. Wadda ta ce a sakaya sunanta, a sakaya. Wadda ta yi shiru, a ƙyale ta, kada a fama mata ciwo. Ƙungiya za ta adana abin da aka tara, don jikokinmu su san kuɗin zaman lafiya.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.