Kafin A Zuba Kuɗin Adashe A Majigi



Da sakatare ya nemi in yi magana a kan sayen majigi na gida, na ce masa ya dace da mai jawabi, domin ni ne mutumin da ya biya kuɗin majigi biyu kafin ya mallaki guda ɗaya mai amfani. Ba marmari ya kai ni ba. Samarina biyu ne suka ɗauki ɗabi'ar tafiya gidan kallon ƙwallo, wasan da ake take shi ƙarfe takwas ko tara na dare, ba sa dawowa sai unguwa ta yi tsit. Faɗa bai yi magani ba. Muka yi shawara da uwargida cewa gara a kawo kallon cikin gida, inda idonmu yake. Da kwasar adashe ta zo kaina, sai na nufi kasuwa.

Dattawan cikinmu sun san majigi tun muna ciki. Mota ce take zuwa ƙofar fada ko filin makaranta, a kafa farin ƙyalle, a nuna wa jama'a fim kan tsafta ko noma, irin su Baban Larai. Akwai abin da masu motar nan suka sani wanda ni na manta ranar da na shiga shago: ba sa kunnawa sai rana ta faɗi. Dalili kuwa, majigi haske kaɗai yake iya jefawa, ba ya jefa duhu. Baƙin da kake gani a cikin hoto, bangonka ne kawai a inda hasken bai sauka ba. In ɗakin da haske, baƙin zai koma toka-toka, hoton ya kwanta kamar rubutun alli a allon da ba a goge da kyau ba. Saboda haka tambayar farko ɗakinka za ka yi wa, kafin mai shago: yana yin duhu sosai, ko akwai taga da ke kallon fitilar maƙwabci?

Yanzu ga inda aka kayar da ni. Ƙarfin hasken majigi da lumen ake auna shi. A jikin kwalin da na saya an rubuta lamba mai sifili uku, ga ta ɓaro-ɓaro, alhali na'urar ba ta fi girman ƙamus ba. Ban san cewa lumen suna suka tara ba. Wanda ake dogara da shi shi ne mai ɗauke da tambarin ANSI ko ISO, domin yana da ƙa'ida: a haska farin hoto, a raba shi gida tara, a auna hasken tsakiyar kowane gida, a fitar da matsakaici, a ninka da faɗin filin hoton. Mu malamai mun san bambancin makin da aka bayar bisa tsarin maki da wanda aka bayar don uban yaro yana tsaye a bakin taga. Sauran lambobin, wasu hasken da ke cikin kwan fitilar suke faɗa tun kafin ya ratsa gilasai ya raunana, wasu kuwa babu wanda ya san inda aka samo su. Abin ya yi ƙamari har kamfanin Epson ya sha maka masu sayar da irin waɗannan na'urori a kotunan Amurka kan kambama lamba. A nawa ganin, mai son hoto inci 100 a ɗaki mai duhu ya nemi abin da ya kama daga 1,500 zuwa 2,000 na ANSI. Mai son kallo da rana da labule a sake, kada ya sauko ƙasa da 3,000. 'Yan ƙananan da ba su kai 500 ba suna da ranarsu, amma a ƙaramin hoto, cikin duhu dulum. A tuna kuma da lissafin da muke koya wa 'yan aji shida: in ka ninka faɗin hoto sau biyu, filinsa ya ninku sau huɗu, hasken da ke kowane gefe ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Tarko na biyu ya fi na farko wayo, domin babu ƙarya a cikinsa kai tsaye. Hoton majigi ɗigo-ɗigo ne aka jera. Cikakken hoto mai tsabta, wanda ake kira 1080, yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla sama da miliyan biyu. Kwalina ya ce na'urar tana karɓar 1080, kuma gaskiya ne, tana karɓa. Amma abin da take fitarwa 800 ne a kwance da 480 a tsaye, wato ɗigo 384,000, bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Kamar ɗalibi ne da aka karanta wa shafi guda ya dawo da layi biyar. A fim ɗin yara abin bai dame mu ba. Da aka sa ƙwallo kuwa, ba a iya karanta lambar rigar ɗan wasa, sakamakon da ke kusurwa ya zama kamar tafiyar tururuwa. Babban ɗana ya dube ni da ladabi ya ce, Baba, ko za mu je can mu ga ragowar? Ku nemi a nuna muku ainihin ɗigon da na'urar take fitarwa, yana can a ƙaramin rubutu. Kada a sauko ƙasa da 1,280 da 720, in da hali a kai 1080.

Sai batun wuta, wanda masu rubuta bayanin na'urorin nan a ƙasashensu ba sa tunaninsa, mu kuwa shi ne rabin magana. Majigi mai tsohon kwan fitila yana da haske sosai, kuma ana samun na hannu da araha, amma yana jan wat 250 zuwa 350. Fim na awa biyu a wat 300 ya cinye 600. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 1,200 a takarda, kuma in na ruwa ne ba a so a zuƙe fiye da rabinsa. Ke nan fim ɗaya ya kwashe abin da fanka da fitilu za su kwana da shi. Bayan haka kwan yana ɗaukar zafi ƙwarai, yana bukatar fankar ciki ta ci gaba da hura shi bayan an kashe. In aka ɗauke wuta bagatatan, fankar ta tsaya, zafin ya zauna a ciki, kuma yawan haka yana rage masa kwana. Irin wannan kwan yakan yi awa 3,000 zuwa 5,000, yana dusashewa sannu a hankali, kuma sabonsa ba arha ba. Mai fitilar LED ko lesa ana ba shi awa 20,000 ko fiye, wanda a kallon awa uku kullum ya haura shekara 18. Yawancin na LED ba sa jan wuta da yawa, amma haskensu bai kai na mai kwan ba. A nan kowa zai auna da gidansa. Ni da nake kan sola, na LED na koma, na sayi labule mai kauri.

Ƙurar hunturu ma abokiyar gaba ce. Nau'in LCD yana da rariyar iska da ke bukatar a riƙa karkaɗewa, in ba haka ba na'urar ta yi zafi ta kashe kanta, ko tabo ya fito a hoto. Nau'in DLP galibi a rufe cikinsa yake, ya fi jure ƙura, sai dai wasu mutane suna ganin walƙiyar launuka kamar bakan gizo idan hoto ya gilma da sauri. Idon kowa daban, don haka a je shago da wanda zai fi kallo.

Kafin ka fita daga gida, ari awon tela ka auna ɗakin. Hoto mai inci 100 faɗinsa ya kai mita 2.2, kuma majigi da yawa sai sun ja baya kamar mita uku ko fiye kafin su cika shi. A ajiye na'urar daidai saitin bango. Maɓallin da ke miƙe hoto idan an ajiye ta a karkace yana aiki, amma ɗigo yake zubarwa kafin ya miƙe shi. Farin bango mai santsi ya wadatar, ba sai an sayi allo ba. Lasifikar ciki kuwa kada a sa mata rai, a haɗa da rediyon gida. A tabbata akwai ramin HDMI na dikoda ko kwamfuta, domin wasu manhajojin fim, irin su Netflix, sukan ƙi nuna hoto idan daga waya aka tura shi ta iska.

A shago, kada ka yarda da gwajin da aka yi a lungu mai duhu da fim ɗin zane mai launi. Ka sa a kunna fitila, ka sa a haska shafi mai ƙananan rubutu, ka duba kusurwoyi huɗu ko sun fito kamar tsakiya, ka kasa kunne ga ƙarar fanka. Ka karɓi rasit da sharaɗin mayarwa a rubuce. Ni ban karɓa ba, da na koma washegari mai shagon ya ce kaya sun riga sun fita.

Samarin nan yanzu a gida suke kallo, har da abokansu huɗu da ban gayyata ba, kuma ni ke riƙe da rimot. Na zo da majigin biyu, na asara da na amfani. In an tashi, za mu rufe tagogin ajin da ke kusa da ofishin hedimasta mu haska su gefe da gefe a bango ɗaya, sannan mu buɗe taga guda ku ga abin da zai faru.